Daga Mudu Zuwa Kilo: Tarihin Canjin Awo a Ƙasar Dutse

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Shuwarin ranar da take ci, ya zaga daga layin 'yan hatsi zuwa rumfunan 'yan yadi, ya ɓulla wajen masu sayar da takin zamani da siminti, zai tarar ana ciniki da ma'aunai iri uku a fili guda. Mai gero yana awo da kwano, mai atamfa yana yanka da yadi, buhun taki kuwa ga shi an rubuta masa kilo 50 a jikinsa. Idan mutum ya fito bakin titi, gidan mai zai sayar masa da lita, ɗan bumburutu kuma ya sayar masa da galan. Yawancinmu mun taso mun tarar da wannan gamin gambiza, har ba ma ganin wani abin tambaya a cikinsa. Alhali kuwa kowane ɗaya daga cikin ma'aunan nan yana da zamaninsa da kuma hukumar da ta kawo shi. Mudu da kwano gadon kaka da kakanni ne, yadi da galan saura ne na mulkin Turawan Ingila, kilo da lita kuwa doka ce ta gwamnatin Nijeriya wadda ta haura shekara hamsin da kafawa.

Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne yadda aka yi wannan canji a ƙasar Dutse da kewayenta, watau Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun da Gwaram, da dalilin da ya sa sabon awo ya kama a wasu wurare ya kasa kamawa a wasu, sannan kuma wane ne yake biyan kuɗin wannan rabuwar kai har zuwa yau.

Awon Kaka da Kakanni

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe a jikinsa yake ɗauke da ma'auninsa. Masaƙi da mai sayen zane suna awo da kamu, watau daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya. Abin da bai kai kamu ba sai a auna shi da taƙi, wanda shi ne tazarar da ke tsakanin babban yatsa da ɗan'uwansa idan an ware su. Mai haƙar rijiya yana lissafi da gaba, shi ya sa har gobe ake cewa rijiya gaba goma ko gaba ashirin. Gona da fili ana bin su da taku. Nisan gari kuwa fatake da zango suke ƙidaya shi, mutanen ƙauye kuma su ce tafiyar yini ce, ko kuwa wanda ya tashi da asuba zai isa da hantsi.

Ta fuskar abinci, manomi da dami yake sanin abin da Allah ya ba shi a shekara, da dami kuma yake sanin ko rumbu zai kai shi baɗi. Idan an sussuke hatsi an kai kasuwa, sai mudu ya karɓi aiki a hannun ma'auna, manyan kaya kuma a zuba su a taiki ko mangala a aza wa jaki. Zinariya da sauran kaya masu tsada ne kawai ake ɗorawa a kan ma'aunin nauyi, ana lissafinsu da miskali. Kuɗi kuwa wuri ne, ana ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa, har a cika keso mai wuri 20,000. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar da wuri ne kuɗin kasuwa, ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500.

Bayan wannan akwai awon da addini ya kafa, wanda bai canza ba ko da sarauta ta canza. Kowane almajiri da ya karanta Risala a zaure ya san cewa sa'i guda mudun Annabi huɗu ne, wusuƙi guda sa'i 60 ne, kuma zakkar hatsi ba ta wajaba sai amfanin gona ya kai wusuƙi biyar, watau sa'i 300. Har ila yau, Alƙur'ani mai girma yana da sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye mudu, ga kuma labarin mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu ya yi wa gargaɗi a kan awo. Saboda haka a wajen kakanninmu maganar mudu magana ce ta imani, kuma sarkin kasuwa da alƙali suna da hurumin shiga cikinta.

Babu shakka wannan tsari yana da rauninsa. Kamun dogo ya fi na gajere, mudun wannan kasuwa kuma ba lallai ne ya zo daidai da na waccan ba. Amma yana da wani ƙarfi guda da ya riƙe shi shekaru aru-aru: mai saye yana ganin awon da idonsa. Yana gani a cika mudu har ya yi tozo, yana gani a tare da hannu, in bai gamsu ba ya nemi gyara. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima. Ga shi kuma mai awo da mai saye sun san juna, gobe ma za su haɗu a masallaci ko wajen suna.

Zuwan Sikeli

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Dutse kuma a lokacin tana ƙarƙashin masarautar Kano. Ma'aunansu ta ƙofa uku suka shigo ƙasar: haraji da ciniki da makaranta. Ta fuskar haraji, an riƙa tura malaman awo gundumomin Kano suna bin gonaki da taku, suna mayar da lissafin zuwa eka, a kan ekar kuma a yanka wa mutum abin da zai biya. Harajin kuma da kuɗin Bature ake karɓarsa, wannan ne ya kori wuri daga kasuwa. Aka shiga zamanin anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fam. Kwabo 12 ne sule guda, sule 20 kuma fam guda. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, daga wannan kwabon ta samo sunanta, domin a kansa ake sayar da ita.

Ta fuskar ciniki kuwa, gyaɗa ce ta kawo sikeli ƙauye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a jima ba cinikin gyaɗa ya bunƙasa, a 1930 kuma aka kammala layin dogo na Nguru wanda ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Dogo bai biyo ta Dutse ba, don haka gyaɗar wannan yanki a kan jakuna, daga baya kuma a kan manyan motoci, take tafiya zuwa inda ake tara ta. Kamfanoni da manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata ba sa saye da mudu. Da laba da tan suke lissafi, kuma tan guda laba 2,240 ne. Da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ita ma a kan tan take yanka farashi kowace kaka.

A nan ne manomi ya fara gamuwa da awon da idonsa ba ya iya tantancewa. Buhu na kan sikeli, akawu ne yake karanta lamba, akawu ne yake rubutawa, akawu ne kuma yake faɗin abin da za a cire na nauyin buhu da na datti. Manomin da bai san boko ba sai dai ya tsaya ya karɓi abin da aka miƙo masa. Koke-koke a kan tauye awo a wuraren sayen gyaɗa da auduga sanannen abu ne a wancan zamani. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin kuwa rashin yardar da talaka ya yi wa sikeli daga nan ta samo asali, tun kafin a ji sunan kilo.

Yaran da aka kai makarantar boko su ne suka sha wahalar ƙofa ta uku. Sai yaro ya haddace cewa inci 12 ƙafa guda ce, ƙafa uku yadi guda, yadi 1,760 mil guda, oza 16 kuma laba guda. Babu wata ƙa'ida da ta haɗa waɗannan lambobi, kowace da nata hali. Lissafin kuɗi ma layi uku ne, na fam da na sule da na kwabo, kuma kowane layi da adadin da ake kaiwa kafin a ɗauka a kai na gaba. Dattawan da suka yi elemantare a wancan lokaci har yanzu suna tuna bulalar da suka sha a kan wannan.

Asalin Mita da Kilo

Shi wannan sabon awo ɗan ƙasar Faransa ne. Kafin juyin juya halin 1789, kusan kowane lardi na ƙasar yana da nasa ma'auni, kuma talakawa suna kukan cewa masu ƙasa suna karɓar hatsi da babban mudu. Sabuwar gwamnati ta nemi ma'aunin da ba na wani sarki ba, sai masana suka yanke a 1791 cewa a ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu, a kasa shi kashi miliyan goma, kashi guda shi ne mita. Masana biyu, Delambre da Méchain, suka shafe shekaru daga 1792 suna auna ƙasa tsakanin garin Dunkirk da Barcelona don tabbatar da wannan lissafi. Daga mita aka fitar da sauran: akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne santimita goma ne, cikinsa lita guda ce, nauyin ruwan da ya cika shi kuma kilo guda. Komai da goma-goma yake hawa.

Abin lura a nan shi ne, su kansu Faransawa ba su karɓe shi da hannu biyu ba. An kafa dokarsa a 1795, amma jama'a suka ci gaba da awonsu na da, har Napoleon ya sassauta a 1812, kuma bai zama tilas a duk ƙasar ba sai a 1840. Watau ko a gidan da aka haife shi sai da ya yi shekara arba'in da biyar yana neman wurin zama. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a kan yarjejeniyar mita a birnin Faris, a 1960 kuma aka daidaita tsarin da duniya take amfani da shi yanzu. Ita kanta Ingila ta ba da sanarwar komawa kansa a 1965, ta kuma mayar da kuɗinta na goma-goma a 1971, ko da yake har yau allunan hanyoyinta da mil suke, haka ma na Amurka.

Shekarun Canji

Nijeriya ta gama yaƙin basasa a Janairun 1970, kuɗin man fetur kuma ya fara shigowa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta duba ta ga ƙasashen da suka kewaye mu, Nijar da Cadi da Kamaru da Dahome, duk da mita da kilo suke aiki, kuma a hannun dama suke tuƙi. Uwargijiyar da muka gaji awonta ma ta fara barinsa. Fataken da ke bi ta Maigatari zuwa Damagaram sun daɗe da sanin cewa da zarar an ƙetare iyaka, mil ya koma kilomita, galan ya koma lita. Saboda haka cikin shekara uku aka jero wa jama'a canje-canje uku, lokacin Audu Bako yana gwamnan Jihar Kano. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka yi canjin hannu, motoci suka koma dama. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, lokacin Alhaji Shehu Shagari yana kwamishinan kuɗi na tarayya. A 1974 kuma aka fitar da sabuwar dokar ma'aunai wadda ta kafa mita da kilo da lita a matsayin awon ciniki na ƙasa.

Canjin hannu a rana guda ya kama, domin wanda ya ƙi bi zai yi karo. Canjin kuɗi ma ya kama cikin ɗan lokaci, tunda gwamnati ce kaɗai take buga kuɗi, kuma ta janye tsoho. Amma ko a nan akwai abin da ya shige wa talaka duhu. Fam guda ya zama naira biyu, sule guda ya zama kwabo goma, alhali jiya kwabo 12 ne a cikinsa. Ma'ana sabon kwabo ya fi tsoho daraja. Tsohuwa mai ƙosai da ta ci gaba da sayar da na kwabo a kan sabon kwabo ta yi ƙarin kashi ɗaya cikin biyar ba tare da ta buɗe baki ba, mai saye kuma bai san an yi ba. Taro ya faɗo a kan kwabo biyu da rabi, wanda ba shi da daɗin lissafi, sai aka riƙa cike shi zuwa uku. Kafin jama'a su gama gane wannan, ƙarin albashin Udoji ya zo a 1975, farashi ya tashi gaba ɗaya, aka rasa gane wane ne mai laifi.

Duk da haka baki bai saki tsofaffin sunaye ba. An daɗe ana kiran kwabo goma sule, kwabo biyar sisi, naira biyu kuma fam. A kara, wajen cinikin shanu, dillalai sun shafe shekaru suna taya sa da fam da jaka, jaka guda kuwa fam 100 ce, watau naira 200. Yau yaron da bai taɓa ganin anini da idonsa ba zai ce maka ba shi da ko anini.

Canji na uku shi ne ya zo da gardama, kuma lokacin da ya zo bai taimake shi ba. Daga 1972 zuwa 1974 fari ya addabi arewacin ƙasar nan, a 1975 kuma annobar cuta ta faɗa wa gyaɗa. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. Ke nan a daidai lokacin da doka ta ce a mayar da sikeli daga laba zuwa kilo, amfanin gonar da ake ɗorawa a kan sikelin ya ƙare. Manomin ƙasar Dutse ya koma ga gero da dawa da wake, waɗanda tun asali mudu ne yake auna su.

Inda Kilo Ya Ci Gari

Idan muka bi sawun sabon awo za mu ga ya kafu ne a duk inda gwamnati ko babban kamfani yake riƙe da bakin kaya. Famfon gidan mai ya koma lita, kuma babu direban da aka tambayi ra'ayinsa. Buhun siminti da a da yake laba 112 ya koma kilo 50, bambancin bai kai kilo guda ba, shi ya sa magina ba su ma lura ba. Takin zamani ya yaɗu a ƙauyuka daga shirin ciyar da ƙasa na 1976, daga baya kuma ta hannun hukumar KNARDA ta tsohuwar Jihar Kano, kuma a buhu mai kilo 50 ya zo. Malaman gona suka riƙa faɗin buhu kaza a kowace hekta. A nan an sha samun kuskure mai tsada, domin hekta guda ta kusa eka biyu da rabi. Manomin da ya ɗauki hekta a matsayin sabon sunan eka, ya zuba takin hekta a eka guda, ya ninka abin da ake bukata fiye da sau biyu.

Makaranta ita ce babbar ƙofa. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwaso dubban yara daga ƙauyuka, kuma littattafan lissafin da aka ba su da mita da giram da lita aka rubuta su. Mu da muka zo bayan wannan ba mu taɓa haddace yadi nawa ne a mil ba. A asibiti ma haka abin yake: jariri da kilo ake auna shi, magani da miligiram da mililita, zafin jiki kuma digiri 37 ne na mai lafiya. Ma'aikatan lafiya sun nuna hikima a shekarun 1980, lokacin da ake koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa. Da suka ga babu ma'aunin lita a ɗakin kowa, sai suka mayar da awon zuwa kwalbar lemo da ƙaramin cokali, saƙon kuwa ya shiga.

Ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, da mayar da Dutse babban birninta, ya ƙara wa sabon awo gindin zama. Kwangilar hanya da kilomita ake ba da ita, taswirar fili da mita ake zana ta, takardar mallaka kuma da murabba'in mita ko hekta take fita. Ma'aikatan da suka taso daga Kano sun zo da ɗabi'ar sayen nama da kaji da kilo, daga baya iskar gas ta girki ta zo, ita ma da kilo.

Inda Tsohon Awo Ya Ƙi Tashi

Amma a duk inda ciniki yake tsakanin talaka da talaka, dokar 1974 ba ta ratsa ba. Hatsi da kwano da tiya ake auna shi, kuma a al'adar kasuwa babban buhu kwano 40 ne. Man gyaɗa da manja da kwalba ake sayar da su, gishiri da sukari da gwangwani, dabinon Dutse da mudu, itace da ciyawa da dami. Tela yana rataye da tef mai fuska biyu, inci a gefe guda santimita a ɗaya, amma da inci yake auna kafaɗa, kuma yadi yake faɗa wa mai ɗinki ya sayo. Turmin atamfa yadi shida ne, babu matar da za ta ce a ba ta mita biyar da rabi. Magini yana neman bulo mai inci tara ko mai inci shida, da ƙusa mai inci uku, sannan a aiki guda ya nemi rodi mai milimita 12. Dillalin fili zai ce maka fuloti hamsin ne a ɗari, yana nufin ƙafa, takardar da hukuma za ta ba ka kuma ta ce mita 15 a 30. Hatta sunayen wurare sun riƙe tsohon awo, kamar unguwar Mil Tara a Kano.

Galan kuwa labarinsa ya isa darasi. Galan na Ingila ya ɗara lita huɗu da rabi kaɗan. Da famfo ya koma lita, sunan galan bai mutu ba, sai ya koma kan robar da take ɗaukar lita huɗu. Mai saye yana kiran suna irin na da, yana tafiya da abin da ya gaza na da da rabin lita. Duk lokacin da sunan awo ya rayu bayan hukuma ta janye hannunta daga kansa, haka yake zama: suna yana nan, ciki yana raguwa.

Dalilan wannan turjiya a fili suke. Mudu yana da araha, ba ya lalacewa, kuma ba ya bukatar karatu. Sikeli yana da tsada, yana bukatar gyara, yana kuma bukatar jami'in da zai riƙa zagayawa yana duba shi. A tsarin mulkin 1999 sha'anin ma'aunai yana cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai take da ikon yi wa doka, alhali kasuwannin ƙauye a hannun ƙananan hukumomi da sarakunan kasuwa suke. Mai doka yana Abuja, mudu yana Sara da Gujungu. Bugu da ƙari, ibada ma da mudu take tafiya, domin sa'i awo ne na cika. Shi ya sa idan azumi ya zo ƙarshe malamai kan bambanta wajen faɗin kilo nawa ne zakkar fid-da-kai, tunda sa'in shinkafa da na gero ba nauyinsu ɗaya ba.

Wa Yake Biya?

Da a ce abin ya tsaya ga sunaye ne kawai, da sai mu ce kowa ya yi awo da abin da ya saba. To amma tsakanin mudu da kilo akwai rata, kuma a cikin ratar nan wani yake cin riba. A yau Jigawa tana cikin manyan jihohin da ke noma riɗi da zoɓo da shinkafa. Kamfanin da yake fitar da riɗi waje da tan yake saye, injin casar shinkafa kuma da kilo yake karɓa. Manomi kuwa da kwano ko buhu yake sayarwa a bakin gona. Mai shiga tsakani shi kaɗai ne ya san harsunan biyu. A ƙaddara kwanon da yake saye da shi ya fi na kasuwa da kashi ɗaya cikin goma kacal. A buhu mai kwano 40 ya tafi da kwano huɗu kyauta, a buhu goma ya tafi da buhu guda. Idan aka juyo wajen mai sayen na tuwon dare kuma, sai a fito da kwanon da aka bubbuge wa gindi. Ga kuma buhun da ake ƙara wa baki, sunansa buhu, farashinsa na buhu, cikinsa ya fi buhu.

Wanda ya fi cutuwa shi ne wanda ya sayar da kaka don biyan bashi, ya dawo da bazara yana saye. An auna masa da babban mudu lokacin da yake bayarwa, an auna masa da ƙarami lokacin da yake karɓa. Wannan shi ne ainihin kukan da talakawan Faransa suka yi kafin 1789, shi ne kuma abin da addininmu ya yi hani a kansa tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa doka kaɗai ba ta canza awo. Awo yana kafuwa ne idan mutane sun ga amfaninsa, sun kuma yarda da mai riƙe da shi. Kakanninmu sun yarda da mudu domin suna ganin cikinsa, sun ƙi sikelin gyaɗa domin wani ne yake karanta musu shi. Yau an samu sauyi guda babba, wato kusan kowane gida yana da yaron da ya iya karanta lamba. Saboda haka muna ganin gyaran ba mai wuya ba ne. Ƙananan hukumomi da masarauta za su iya haɗa kai su fitar da kwano guda mai hatimi, wanda aka san lita nawa yake ɗauka, a kuma ajiye sikelin jama'a a kowace babbar kasuwa inda manomi zai auna buhunsa kafin ya shiga ciniki. Mu malaman makaranta kuma ya kamata mu shigo da kwano da kwalba da tef ɗin tela cikin aji, ɗalibi ya auna da hannunsa ya ga kwanon gero kilo nawa ne, domin ya koma gida ya tsaya kusa da mahaifinsa ranar kasuwa.

Su kuma marubuta, nauyin da ke kansu shi ne adana kalmomin da suke shirin ɓacewa. Kamu da taƙi da keso da taiki da taro duk suna bakin dattawan da suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda zai rubuta labarin fatake ko na zamanin gyaɗa ba zai iya ba sai ya san da me mutanen suke awo. Allah ya sa mu cika mudu idan mun auna wa wasu, kamar yadda muke so a cika mana.